Kawu, Bature da Rabin Lemun Tsami

Ranar Asabar da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, ƙanin mahaifiyata, a gidansa na unguwar International City a Dubai. Ya idar da sallar walaha, ya ce wa matarsa Hajiya ta miƙo masa ruwa. Kafin ta dawo daga kicin ya jingina da bango, hularsa ta zame gefe guda. Ko kofin bai karɓa ba.

Ni labari ya same ni a kasuwar Al Sabkha, ina tsaye a bakin shagon wani ina cin dabinon da ba nawa ba. Babban ɗan Kawu ne ya kira, abokin wasana, wanda tun da ya yi wayo bai taɓa kirana a waya bai fara da tsokana ba. Ran nan sai ya ce, "Yaya," kawai. Da na ji "Yaya" babu tsiya a bayanta, na san an yi mutuwa.

Kafin la'asar takalman masu gaisuwa sun cika ƙofar gidan, sun bi baranda har bakin matakala. 'Yan kasuwar Kano da suka zo sari na kwana biyar sun bar kwalaye a buɗe sun taho. Wani dattijo mai sayar da yadi ya zauna yana ta juya carbi, can ya ce, "Ranar da na fara sauka garin nan ban san kowa ba. Abu na farko mai ɗanɗanon gida da ya shiga bakina daga hannun mutumin nan ya fito." Kusan kowa a falon ya gyaɗa kai, don kusan kowa labarinsa ke nan.

Sai ga mai gadin sitonsu Kawu, mutumin Kumasi, furfura a kansa, ya shigo da kayan aiki a jikinsa. Bas biyu ya hau daga Dubai Investments Park. Bai nemi kujera ba, ya zube a ƙasa yana kuka kamar wanda aka yi wa duka.

"Ei, Baba. Baba paa! Jiya-jiya na ci naman shi."

Aka yi ta ba shi haƙuri. Da ya share fuska ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To Bature fa? Wa zai kula da Bature?"

Wasu suka yi dariya da hawaye a idonsu. Wani baƙo da bai daɗe da fara zuwa Dubai ba ya raɗa mini, "Marigayi yana riƙon wani Bature ne?"

Saboda irin wannan baƙo na zauna rubuta wannan, ni da aji uku na yi a firamare malamai suka huta da ni. Nan da 'yan shekaru za a sami waɗanda ba su san Kawu ba, ba su san Bature ba, kuma ba na so hakan ta faru ina da rai.

Bature murhu ne. Kawu ɗan gidan fawa ne tun daga Kano, harkar kago, wato aika wa 'yan kasuwa kayansu gida, ita ta kawo shi Dubai, amma hannunsa bai manta da nama ba. Duk Juma'a bayan masallaci yana gasa tsire da balangu a filin bayan sito, kowa ya zo ya ci, ba a tambayar wa ya gayyace ka. Da mai siton ya hana hura gawayi saboda kwalayen kaya, Kawu ya yi ta nema har ya sami wannan murhu a wurin wani Bature da zai koma ƙasarsu. Tun a lokacin tsoho ne. Baƙin ƙarfe ne kamar ganga a kwance, da murfi, da bututun hayaƙi. A gefensa akwai rumbu inda ake zuba ƙwayoyin garin katako da aka matse, waɗanda kamanninsu ɗaya da kashin awaki, kuma sunan da muke kiransu ke nan. Wani murɗaɗɗen ƙarfe yana tura su kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kasko inda wuta take, fanka tana hurawa. Sai an jona shi da lantarki yake aiki.

Halinsa ɗaya ne. In wani abu bai yi masa daidai ba, sai ya yi ƙara sau uku, ya rubuta wasu haruffa a ɗan allonsa, ya kashe wutarsa da kansa. Ko nama ya nuna ko bai nuna ba, ba ruwansa. Kawu sai ya ce, "Bature ya tashi daga aiki." Daga nan sunan ya bi shi.

Ban taɓa ganin Kawu ya buge shi ba, alhali mu in rediyo ta ƙi magana mari muke fara ba ta. Sai ya jawo kujerarsa ta roba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya kara kunne. In mutane sun fara gunagunin yunwa ya ce, "Shwayya shwayya, a bi a hankali. Ba lalacewa ya yi ba, ƙin ci gaba ya yi. Bari in tambaye shi dalili." Ɗansa ya sha cewa zai saya masa sabo. Kawu ya ce, "Sabon ban san halinsa ba. Wannan ko shiru ya yi na san abin da yake nufi."

Akwai wani tsohon asuwaki da ya ɗaure da zare a ƙafar murhun. Wata rana na ce, "Kawu, Bature ma asuwaki yake yi?" Ya ce, "Duk Juma'a." Na yi dariya har da buga cinya, na bi Al Sabkha ina ba mutane labarin barkwancin Kawu.

Shekara tara kacal ya ba ni, amma tun ina yawo ba wando yake kirana Na-baya. A sallah ni ne sahun baya, a jirgi ni ake kira da lasifika. Wurin naman Juma'a kuwa sai an fara wanke faranti nake isowa. Amma ban taɓa rasa rabona ba. A bayan ƙofar sito akwai wata kanta, kullum zan tarar da kwano a rufe a kanta, nama a ciki, da rabin lemun tsami a gefe, don ya san tun ina yaro ba na cin nama sai da tsami. Ba ya cewa ga naka. In na yi sallama sai ya nuna ƙofar da haɓa, ya ci gaba da hirarsa.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske, kuma Bature ne sanadi.

Wata Juma'a aka kira shi kan kwantenar wani da aka tsayar, dole ya tafi. Ni kuma ran nan tsautsayi ya sa na iso nama yana kan wuta. Ya ce, "Na-baya, zauna ka sa ido kawai. In ya tashi daga aiki kada ka taɓa shi, jira ni." Ko kwana motarsa ba ta sha ba Bature ya yi ƙara uku. Mutane suka dube ni. Ni kuma da son a sani, na gyara hula na danna maɓalli. Ya yi gurnani, ya mutu. Na sake dannawa. Na kuma. Ashe duk dannawa ɗaya ƙarfen nan ƙara tura kashin awaki yake cikin kasko, suna taruwa suna cin wuta a ɓoye. Wani farin hayaƙi mai kauri ya fara fita. Na ce bari in leƙa. Ina ɗaga murfi iska ta shiga, sai ji na yi bum!

Rabin gemuna ya tafi, da girar hagu. Mai gadi ya sheƙo da tukunyar kashe gobara ya feshe ni, ya feshe cinyar rago guda, ya sake feshe ni don ya tabbata. Har yau ina zargin na biyun da gangan ne.

Da Kawu ya dawo, kwalayen mutane ya fara dubawa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan murhu. Ni ne na ƙarshe.

"Kayan nan da ka gani amanar mutane ce," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wata gwal ɗinta ta sayar ta yi sari. Da wuta ta kama, me zan ce mata? Ka kusa sittin, ba ka koyi jira ba."

Maimakon in sunkuyar da kai, sai na ce, "Ƙarfe ne fa, Kawu. Ka fi son ƙarfe da ɗan 'yar'uwarka."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Fita."

Juma'a uku ban je ba. Daga baya mai gadi ya gaya mini duk ukun an rufe kwanona an ajiye a kanta, shi ne yake cinyewa in rana ta faɗi. A mako na huɗu ina kwance da rana aka ƙwanƙwasa ɗakina. Kawu ne, da gwiwarsa mai ciwo, ya hau bene uku, da ɗan kwalbar man kaɗanya a hannu. Ya kama haɓata ya juya ta dama da hagu kamar mai taya rago.

"Ya fara fitowa," ya ce. "Dama can ba wani gemun kirki ba ne. Sa takalminka."

Ya kai ni sito, ya zaunar da ni gaban Bature, ya koya mini kamar mai koya wa yaro alwala. In ya mutu, ka zare wayar lantarki ka bari ya huce. Ka duba rumbu, don wani lokaci sama a cike yake amma ƙasa ya yi kogo, ba abin da ke sauka, sai ka sa hannu ka motsa. Ka damƙi ƙwayoyin ka matse, in sun ruguje kamar gari to sun sha laimar Dubai, za su cushe ƙarfen, zubar da su. Ka kwashe toka da duk abin da bai ƙone ba daga kasko kafin ka sake kunnawa. A nan ya ja sauran gemuna ya ce, "Wannan ne ya yi maka aski." Sannan ka kara tafin hannu ka ji ko fanka tana hurawa.

"Saura ɗaya," ya ce, "kuma shi ne babba. Shi ba a faɗa, sai an gani. Ka zo Juma'a da safe, kafin masallaci."

Na ce in sha Allahu. Shekara shida ina cewa in sha Allahu.

A nan Dubai aka binne shi, kamar yadda ya sha faɗa. Ranar sadakar uku ɗansa ya ja ni gefe ya ce ranar bakwai, wadda ta faɗo Juma'a, zai sa gidan abinci su kawo shinkafa da nama. Murhun kuma 'yan gwangwan za su zo su ɗauka, tunda babu wanda ya iya da shi, ga mai sito yana ƙorafin fili.

Na ce, "Sadakar mahauci da naman gidan abinci? Ni zan gasa."

Ya dubi gemuna. Karo na farko tun ranar Asabar na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya. "Kai, Yaya? Ragowar ma so kake ka ƙarasa?"

"Ya koya mini."

Ya ce, "To. In Bature ya gasa naman bakwai, ya zauna, Juma'a ta ci gaba a hannunka. In ya mutu, Asabar a ɗauke shi, a rufe maganar. Khalas, shi ke nan."

Ranar Juma'a rana tana fitowa ina bakin sito. Mai gadi ya dube ni, ya dubi agogonsa, ya girgiza agogon.

"Ei, Alhaji Na-baya. An kore ka daga gida ne?"

Na yanka nama da wuƙar Kawu, na tsire shi, na birkiɗa shi cikin ƙuli da yaji, na shafa man gyaɗa. Na yi bisimilla na kunna Bature. Ya kama, hayaƙi ya tashi, har na fara jin kaina wani abu. Ko minti ashirin ba a yi ba ya yi ƙara uku.

Hannuna ya tafi wurin maɓalli da kansa. Na riƙe shi da ɗaya hannun. Na zare waya, na zauna a kujerar Kawu har ƙarfe ya huce. Rumbu lafiya. Ƙwayoyi a bushe, suna ƙaras a hannu. Na kwashe kasko tas. Fanka tana hurawa. Na kunna. Wuta ta kama da kyau, ina jin zafinta a fuskata, amma Bature ya dage shi bai ga wuta ba. Ƙara uku, shiru.

Sau uku muna haka. Rana ta ɗaga, gumi ya jiƙa mini riga, nama yana kan faranti ɗanye. Ɗan Kawu ya iso ya tsaya a kaina, waya a hannu.

"Yaya, bayan masallaci mutane za su cika wurin nan. Ba labari zan ba su su ci ba. Bari in kira masu shinkafa."

Abu huɗu na sani, na biyar yana kabari.

Kafin ya danna lamba wayar ta yi ƙara a hannunsa. Hajiya ce, daga ɗakin takaba, tana so ta ji yaushe za a aiko da rabon mata. Ya buɗe lasifikar wayar don in gaishe ta. Na ce, "Hajiya, ya ƙarin haƙuri?" Ta ce da godiya, sai muryarta ta karye.

"Yau da safe hannuna ya ɗauko lemun tsami daga firij, na kai na ajiye kusa da takalmansa. Sai da na miƙe na tuna. Duk Juma'a sai ya fita da guda ɗaya a aljihu. Kuma duk Juma'a yana sa takalmi yana cewa, yau dai Na-baya zai zo da wuri."

Da ƙyar na ce, "Rabi dai, Hajiya. Rabi nake tararwa a kwanona."

"Guda yake ɗauka. Ni nake ba shi."

Da ta ajiye waya na juya wurin mai gadi, wanda shi kaɗai ne yake nan da safe duk shekarun nan. Na ce, "Ɗaya rabin fa, ina yake zuwa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina gabas. "Na Bature ne mana. Baba na shafa mashi a ciki da asuwaki, a wannan ƙaramin ƙusa. Ei, ba ka sani ba? Na ce kai ɗan shi ne, ka sani."

Na ɗaga murfi na leƙa can lungun hagu. Wani siririn ƙarfe ne a tsaye, tsawon ɗan yatsa, ban taɓa kula da shi ba. Ƙuli da man gyaɗa sun daskare a jikinsa sun yi baƙin ɓawo, har ya koma kamar tsinken tsiren da aka manta a wuta. Ashe shi ne yake jin zafi ya gaya wa murhun wuta tana nan. Da ƙuli ya lulluɓe shi ba ya jin komai, sai murhun ya ɗauka wuta ta mutu, ya tsayar da aiki don kada ƙwayoyi su taru a yi irin ta gemuna. Wanda ya ƙera shi bai san ƙuli ba. Kawu ne ya zauna ya gano, shi kaɗai, ba takarda ba makaranta.

Mai gadi ya ce, "Juma'a biyu da suka wuce hannun Baba na rawa, bai iya goge shi da kyau ba. Na ce in taimaka, ya ce a'a, mai aikin na zuwa."

Ɗan Kawu ya mayar da waya aljihu. Ya shiga ɗakin mai gadi ya fito da lemun tsamin da yake matsawa a shayi, ya raba shi biyu da wuƙar ubansa, ya miƙo mini. Na kwance asuwakin daga ƙafar murhu. Bakinsa ya yi laushi, ya yi baƙi, wurin riƙewa ya lotsa daidai babban yatsan Kawu. Na sa nawa yatsan a wurin.

Na matsa tsami, na goga. Ɓawon ya fara saki kaɗan-kaɗan. Ɗan Kawu yana riƙe da murfi, ni ina gogewa, ban san lokacin da na fara kuka ba, sai da na ga ina goge ƙarfen da hannun riga ina goge hanci da shi. Can ƙarfen ya fito fari yana ƙyalli.

Na jona waya, na kunna, muka jera nama. Minti ashirin suka wuce. Aka kira sallah. Abokin aikin mai gadi, wanda ba ya zuwa masallaci, ya zauna gadin wuta, mu muka tafi. Allah ya yafe mini, huɗubar ran nan ko kalma ɗaya ban riƙe ba, kunnena yana bayan sito. Da muka sallame ban tsaya gaisawa da kowa ba. Ina shan kwana na hango siririn hayaƙi yana fita daga bututu, a miƙe, ba yankewa.

Mutane suka ci, aka kai wa mata nasu, aka yi wa Kawu addu'a. Dattijon nan mai yadi ya ce hannu ya canja amma wutar ita ce. Ɗan Kawu ya ɗauki tsinke ɗaya ya gatsa, ya tauna ya daɗe.

"Gishiri ya yi yawa, Yaya," ya ce, ya kau da fuska. Ya yi wa mai gadi magana ba tare da ya juyo ba: "Gobe in 'yan gwangwan sun zo ka ce su koma."

Da jama'a suka watse aka fara wanke faranti, ƙafafuna suka kai ni bayan ƙofar sito. Sai da na tsaya gaban kantar na ga babu komai a kanta sai ƙura. Yau ban makara ba, kuma mai rufe kwanon ba ya nan. Na sa hannu a aljihu na ji ɗaya rabin lemun, ya yi ɗumi. Na ajiye shi a kan kantar, na zauna a ƙasa.

Yanzu duk Juma'a kafin rana ta yi zafi ina gaban Bature da asuwaki. Rabi nasa, rabi na rufe a kwano don duk wanda ya makara. Ba a rasa mai makara.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba Hajiya da 'ya'yansa juriya. Allah ya sa inda ya tafi ya tarar an rufe masa nasa kwanon.